Yashin Gasa Kek

Assalamu alaikum Hadiza,

Ya gida, ya maigidan naki, ya jikin yarinya? Mu nan Batsari lafiya lau.

Na gama shirin liyafar surukanki tsaf. Har yashi na sa aka ɗebo, zan gasa kek a tukunya yadda malamar girki ta koya mana a sakandare. Sai jiya gwaggonki ta Safana take gaya mini kin ɗauko masu girki daga Katsina, wai kada in ba ki kunya.

Ki ji tsoron Allah, Hadiza. Wa ya koya miki riƙe muciya? Kuma a bakin wata zan ji?

Ki gaida maigidan, ki sa mu a addu'a. Yashin yana bayan ɗaki, ban zubar ba.

Mahaifiyarki