Ƙararrawar da Na Aiko Maka Don Keken Ɗaka

Haɗejiya,
12 ga Nuwamba, 1995.

Zuwa ga ɗana Shu'ibu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, Ya ba ka sa'ar karatun da ya kai ka Ingila, Ya dawo mana da kai da ƙafarka, amin. Mu nan lafiya, sai abin da zan gaya maka a gaba. Ruwan kogi ya janye, an shiga yankan shinkafa a fadamar Auyo, kuma bana tsuntsaye sun rage mana wani abu. Ƙanwarka Ramatu ta sauka lafiya a Malam Madori, an samu mace. Duk wanda ya ga jaririyar sai ya ce hancina ta ɗauko, Allah Ya ba ta haƙuri. Kai ma ka yi haƙuri da rubutuna. Ka san aji uku na yi a elementare, malamin ya gane ni, ni ma na gane shi, muka rabu ba faɗa.

Takardarka ta iso tare da hotunan da ka yanko. Na fahimci kana so ka sayi ƙarfen nan da ake ɗora ƙafar bayan keke a kai, mutum ya yi ta tuƙi a cikin ɗaka ba tare da ya je ko'ina ba, tunda sanyin can ba ya barin fita. Ka ce iri uku ne, mai fanka da mai maganaɗisu da mai ruwa a ciki, in zaɓa maka wanda ya fi shiru, saboda daɓen ɗakinka katako ne, kuma tsohuwar Baturiyar da ke ƙasanka ko takalmi ka yar sai ta zunguri rufinta da sandar tsintsiya. Shekara talatin da biyar ina gyaran keke a bakin kasuwa, ban taɓa zaton ɗana zai nemi keken da ba ya tafiya ba. Da na sani da na tara maka duk waɗanda suka gagare ni.

Da na karanta wa innarka ta yi dariya har da hawaye, ni ma na taya ta. Amma ni na lura da abin da ita ba ta lura ba. Shafi uku ka cika da zancen keke, layi ɗaya tak ka ba likita, can ƙasa inda takarda ta kusa ƙarewa. Ka ce shi ne ya umarce ka da motsa jiki kullum. Shu'ibu, likita ba ya tare lafiyayye a hanya ya ce ya hau keke. Tun ranar nake tuna baffanka Gana. Kana ƙarami lokacin, ba a gaya maka yadda aka yi ba. Shekararsa arba'in da ɗaya, ko ciwon kai ba ya yi. Ya shiga kwalekwale da hantsi zai duba komarsa, mutane suna yankan shinkafa kusa da shi, kusancin da ko tari ya yi za su ji. Ba wanda ya ji komai. Sai da la'asar aka ga kwalekwalen ya maƙale a cikin ciyawar kacala, yana kwance a ciki, hannunsa a ƙirji. Kai yanzu talatin da shida kake.

To, da yake ban iya zama da tsoro hannu rabbana ba, sai na ce bari in gwada maka abin da kaina. Na kai wa mai walda hotunan, muka ƙera ƙarfen, na ɗora tsohon kekena. Alhaji Fannami ya ara mini mabuɗin ma'ajiyarsa ta bayan kasuwa, wadda ke da bene na katako, tunda shinkafar bana ba ta shigo ba, babu komai a sama sai tarin buhunan wofi. Innarka na naɗa tsohuwar Baturiya. Na zaunar da ita a ƙasa da kabar saƙarta, na ba ta gora, na ce in ƙara ta dame ta ta zunguri katakon. Ta ce ta daɗe tana neman aikin da za a ba ta sanda a kaina.

Ranar farko na ɗaura fankar tsohuwar mota. Ban yi minti ɗaya ba gora ta fara aiki, har mai shayin da ke gefe ya leƙo yana tambayar wa ya kawo injin niƙa. Mai ruwan kuwa da gwangwanin madara da baƙin mai na kwaikwaye shi, kada ka tambaye ni, wandon ma na bayar. Rana ta uku na ciro maganaɗisu daga matacciyar lasifika, na sa taya wadda ta cinye ta yi sumul, na ɗaure wayoyin wili ya daina rawa, na ba sarƙa mai, na cika ƙwallayen boris na cikin wilin da giris, na shimfiɗa yankakkun tub a ƙarƙashin ƙafafun ƙarfen. Na hau. Wallahi abin ya yi kyau, sai ɗan huci kamar na mage mai barci. Ina ta taka feda ina jin kaina injiniya.

Ban san minti nawa na yi ba. Sai na ji kamar an ɗora mini buhun shinkafa a ƙirji, hannuna na hagu ya mutu, zufa mai sanyi ta karyo. Na zame a hankali na kwanta a kan buhunan nan, ko ƙara ban yi ba. Na buɗe baki in kira innarka, iska ce kawai ta fito. Ina kwance ina kallon ƙafar keken tana juyawa ita kaɗai har ta tsaya. Ta tsakanin katakon ina hango kan ɗankwalinta, tana saƙa tana 'yar waƙarta. Can sai ta ɗaga murya ta ce wannan shi ne, in rubuta maka ka sayi irinsa, ko kaɗan ba ta jin motsina, ta kuma ce ashe dai ina da ɗan amfani. Ina jin ta. Taku huɗu ne tsakaninmu in da babu katakon. A nan na san abin da Gana ya ji yana sauraron masu yankan shinkafa suna hira.

Ka san abin da ya cece ni bayan Allah? Surutuna. Ta ce shekara arba'in muna tare ba ta taɓa yaba mini na yi shiru ba, ko tsiya ta yi mini sai na rama da biyu. Da ta ji ban tanka ba sai ta yar da kabar ta hau tsanin nan, ita da gwiwarta ke hana ta hawa dakali. Mai shayi ya ɗauko Malam Habila na disfensare a kan babur. Ya naɗa mini abin awon jini a dantse, ya duba, ya sake dubawa, bai yi dariyar da ya saba yi mini ba. Kwana huɗu na yi a asibiti. Yanzu an raba ni da gishiri da goro da man shanu, wato an bar mini numfashi kawai da ƙwayoyi. Na ji sauƙi, da hannuna nake rubuta maka, ka ga ai munin rubutun bai canja ba.

Ga shawarata, kuma wannan ba wasa a ciki. Ka sayi mai maganaɗisun. Ka sa taya mai santsi, ka ba sarƙa mai, ka shimfiɗa roba a ƙasa, tsohuwa ba za ta ji ka ba. Amma abin da ke hana ni sukuni ke nan. Kai kaɗai ne a ɗakin, ƙofa a kulle, a garin da ba wanda ya san irin shirunka. Ni ina da wadda ta haddace bakina, kai wa gare ka? Wannan tsohuwar da kake gudun sandarta ita kaɗai ce a duk ƙasar Ingila take sauraron motsinka, kuma kana neman ka biya kuɗi ka toshe mata kunne.

Shi ya sa za ka ga ƙararrawa a cikin ƙunshin nan. Ta kekena ce, na kwance ta na goge. Ka ɗaura ta a hannun kekenka. Ka sauka wurin tsohuwar da rana, ka gaishe ta kamar yadda za ka gai da kakarka, ka gaya mata gaskiyar abin da likita ya ce. Ku tsai da lokaci ɗaya kullum. In za ka fara ka kaɗa sau ɗaya, in ka gama ka kaɗa sau biyu. In ta ji ta farko, rabin awa ya wuce ba ta ji ta biyun ba, ta zunguri rufin. In ba ka amsa ba ta hau, ko ta kira mutane. Ka ba ta mabuɗi ɗaya ta ajiye. Na san za ka ce kunya kake ji, kai mai digiri. Ni ma na ji kunya da mai shayi ya sauko da ni a kafaɗarsa kamar buhun albasa, ga ni kuma ina ba da labari. Mai zungurin rufi saboda takalmi ba ta da abin yi, Shu'ibu. Ka ba ta aiki, za ta riƙe shi fiye da ɗan doka.

Sannan ka rubuto mini abin da likita ya faɗa, da lambobin awon, na sama da na ƙasa. Malam Habila ya koya mini karanta su, saboda haka kada ka rage ko ɗaya. Ni ban ɓoye maka nawa ba. Kuma ka gaya wa likitan labarin baffanka da nawa, ka tambaye shi ko hawa keken ma ya halatta gare ka yanzu.

Innarka Yelwa tana gaishe ka, ta ce ka rage shan shayi mai ƙarfi. Gwaggonka 'Yar'azumi tana gaishe ka, da Ramatu da maigidanta da mai hancin, da Alhaji Fannami wanda ya karɓe mabuɗinsa ya rantse ba zai ƙara ba ni ba. Ka gai da tsohuwar, ka ce wani tsoho a Haɗejiya ya ba ta amanar ɗansa. Kekena yanzu ba shi da ƙararrawa, ba komai, bakina ya isa. Ni dai ba zan natsu ba sai na ga takardarka tana cewa tsohuwar ta ji ƙararrawa ta farko kuma ta ji ta biyu.

Allah Ya tsare mini kai. Wassalam.

Ni ne mahaifinka,
Ari Mai Keke.