Gurbi Uku a Katin Liyatu

Jidda, 16 ga Fabrairu, 2025

Zuwa ga ƙanena Tanko, wanda mutane ke kira Fada Filibus,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fatan kana lafiya, kai da ɗalibanka da malaman makaranta. Yaya gyambon cikin nan naka? Ka daina zama da yunwa har azahar, ko har yanzu kunnen ƙashi kake yi? Yaya Baba da ƙafarsa? Ni lafiya lau, sai godiyar Ubangiji, sai aikin ɗakin haihuwa da ba ya ƙarewa.

Wasiƙarka ta iso ta hannun Alhaji Dabo da ya zo Umara. Na fara karanta ta a tsaye, na ƙarasa a zaune. Ka ce ka duba katin baftismata da na aika maka, ka ga gurbi uku babu sa hannun Fada, wato Ista uku a jere ban karɓi Jibin Ubangiji a lokacinsa ba. Ka ce tun da aka naɗa ka Fadan makaranta ka kafa doka, duk wanda zai tsaya wa ɗalibi ranar Ƙarfafawa, ranar da Bishop ke shafa wa yara mai, sai katinsa ya cika na shekara uku. Don haka ba zan tsaya wa Godiya ba, a nemo mata wata.

Tanko, ni kake rubuta wa haka? Ni da na goya ka zuwa ajin katikis kana yi mini fitsari a baya? Godiya ɗiyar Rifkatu ce, ƙanwata kuma yayarka, Allah Ya ji ƙanta. Ni na riƙe yarinyar nan ranar da aka yi mata baftisma. Farin ɗankwalin da uwarta ta ɗaura ranar tata Ƙarfafawar yana cikin akwatina a nan, shekara tara ina ajiye da shi, don in ɗaura wa ɗiyarta in ɗora hannuna a kafaɗarta ta dama a gaban Bishop. Yanzu saura wata uku ka ce in matsa.

To faɗa mini, a wace majami'ar Jidda zan sami Fadan da zai sa mini hannu? Kuma ka ɗauki kalanda ka duba, Istan nan uku duk cikin watan Ramadan suka faɗo. Abokan aikina suna azumi, mata kuwa ba su fasa naƙuda don ana azumi, ni ke ɗauke musu aikin rana. Ana gama sallah shugabarmu Wejdan ta rufe littafin hutu sai bayan Hajji. Hutuna kullum Agusta ne, kuma kai shaida ne ba na fashin Misa ko ta kwana ɗaya in na zo gida. Amma a Agusta ba a sa hannu a kati.

Na san abin da ya sa ka kafa dokar. Ka gaji da masu tsaya wa yara don ɗaukar hoto, waɗanda ba su san hanyar majami'a ba sai ranar biki. Ban ce ka yi laifi da gajiya ba. Amma ka jefa ni cikinsu, wannan kam ya yi mini ciwo, kuma ban yarda ba. Ban nemo wata ba, ba kuma zan nema ba.

Ka gaida Baba. Ka ci abinci.

Yayarka,
Liyatu

Jidda, 16 ga Maris, 2025

Tanko ƙanena,

Ina gaishe ka da azumi. Yaya jiki, yaya yaran da kake shiryawa? Bana namu da na Musulmi sun zo tare, duk ɗakin haihuwa kowa leɓe a bushe, har abokiyar aikina Sadiyya tana yi mini tsiya wai na shiga sahu ta bayan gida.

Na saurari saƙon da ka turo mini ta waya, muryarka ƙasa ƙasa kamar mai sayar da kayan sata. Ka ce ka samo mafita. Akwai wani tsohon Fada mai ritaya da ya san gidanmu, zai cike gurbin nan uku da kwanan watan baya, babu mai ji babu mai gani, dokarka ta tsira, ni ma in tsira.

A'a. Kada wanda ya taɓa mini kati.

Kana koya wa yaran nan cewa Ƙarfafawa ita ce ranar da mutum zai tsaya a kan bangaskiyarsa da bakinsa, ba da bakin iyayensa ba. Sannan kana so in ɗora wa Godiya hannu da takardar ƙarya a jakata? Gurbin nan uku gaskiya suka faɗa, ban je ba. Abin da ba su faɗa ba shi ne inda nake, to bari in gaya maka, tun da ba ka taɓa tambaya ba.

A nan Lahadi ita ce ranar fara aiki. Babu ƙararrawa, babu mata zumunta da kaɗe-kaɗensu, gari kawai ya waye motoci su cika titi. Kafin motar asibiti ta zo nakan rufe ƙofata, in karanta karatun ranar a waya, in ja carbina, in yi waƙar shiga Misa a hankali yadda maƙwabta ba za su ji ba. Wata ran in yi kuka, wata ran in makara in fita da gudu da takalmi a hannu. Shekara huɗu ke nan ba wanda yake duba ni, ba katikis, ba kai, kuma ban bari ba. In wannan bai isa a nuna wa yarinya 'yar shekara goma sha biyar ba, ban san me zai isa ba.

Ka san wanda ke tuna mini Juma'ar azuminmu? Nana Khadija, mahaifiyar Sadiyya. Hausawan Sudan ne, a Karantina ta yi aure ta haifi 'ya'yanta, da aka rushe unguwar suka koma Hindawiyya. Duk Juma'ar da na je gidansu sai ta kawar da nama ta soya mini kifi, ta ce Liyatu ba ta cin nama yau, halas, magana ta ƙare, kada wanda ya matsa mata. Da na ba ta labarin katin, sai ta riƙe haɓa ta ce ashe ku ma da iƙama, takardar izinin zama, ake shiga wurin Allah. Na yi dariya har da hawaye, amma hawayen ba duk na dariya ba ne.

Wani abu kuma. Godiya ta gaya mini ba ni kaɗai ka mayar ba, mu biyar ne. Akwai soja da ya shekara uku a bakin daga, akwai tsohuwa daga ƙauyen da Fada ke zuwa sau biyu a shekara, da direban babbar mota, da matar da ta yi jinyar mijinta. Su wa zai cike musu nasu? Ko don ba su goya ka ba? In za ka gyara, gyara mana duka da rana tsaka. In ba za ka iya ba, bar ni a layinsu.

Ina yi maka addu'a, ko da yake da fushi nake yin ta.

Yayarka,
Liyatu

Jidda, 27 ga Afrilu, 2025

Tanko,

Barka da Ista. Ina fatan ka huta bayan hidimar makon nan, kuma Baba ya samu ya je majami'a.

Wata guda ka yi mini shiru, sai ta bakin Malama Damaris mai kula da ɗakin kwanan 'yan mata na ji abin da ya faru. Godiya ta je ofishinka ta ce ka cire sunanta, in ba Inna Liyatu ba ta fasa. Kai kuma ka ce ta je ta yi tunani, ka juya ka ci gaba da rubutu. Ku biyun nan kan Baba kuka ɗauko, ni ma haka, shi ya sa muke wahala.

Ba zan ɓoye maka ba, da na ji sai da na ji daɗi, na ce yarinyata ta tsaya mini. Daɗin bai kai minti biyar ba tsoro ya kama ni. Rigimata da kai ce, ba da Ubangiji ba, kuma ba zan yarda yarinya ta juya wa bagade baya saboda ni ba. Wanda ya fasa yana shekara goma sha biyar da ɓacin rai, ba lalle ne ya dawo ba. Na kira ta na yi mata faɗa sosai. Na ce ta mayar da sunanta, Malama Damaris za ta tsaya mata. Ta yi kuka, na yi, ta yarda.

Kada ka ɗauka ka yi nasara. Ban ce dokarka daidai ba ce, na dai cire yarinya daga tsakaninmu.

Kuma ina zuwa. Littafin hutu a rufe yake, alhazai sun kusa fara sauka, amma Sadiyya ta shiga wurin Wejdan ta ce shekara uku Liyatu na riƙe mana rana muna azumi, yanzu mu za mu riƙe mata kwana biyar. Ita da wasu abokan aikinmu biyu, Bayan da Rana, suka raba aikina a tsakaninsu. Takardar fita da dawowa ta fito ranar Alhamis, Sadiyya ta cusa mini a aljihu tana cewa yalla, tafi ki ɗaura wa bintinmu, wato 'yarmu, ɗankwalinta.

Zan ɗaura mata shi da hannuna a ƙofar majami'a, wannan ba ya cikin dokarka. Sannan in zauna a bencin ƙarshe. Na karɓi lambobin sauran huɗun, na kira su ɗaya bayan ɗaya, duk sun ce za su zo, har sojan ya samu izini. Ba za mu ce uffan ba. Za mu zauna ne kawai inda in ka ɗaga kai za ka gan mu.

Sai mun haɗu.

Yayarka,
Liyatu

Jidda, 23 ga Mayu, 2025

Tanko ƙanena,

Gaisuwa da fatan gajiya ta bi lafiya. Na sauka lafiya, na tarar da gari cike da alhazai, aiki har wuya. Nana Khadija tana gaishe ka, ta ce a gaida limamin nan mai taurin kai.

Kwana uku na yi a gida kana zille mini. Ko ranar Asabar da na karɓi Jibin Ubangiji daga hannunka, goshina ka kalla, ba idona ba. Ranar Lahadi kuma kana ta hidimar Bishop har na tafi. To abin da ban samu na faɗa maka ba, ga shi a rubuce.

Kai kana gaba, ba ka san yadda abin yake daga bencin ƙarshe ba. Ka fara kiran sunaye, yara na fita da masu tsaya musu. Da ka zo kan yaron da sojan nan ya so tsaya wa, sai ka daina kira. Mai kiɗa ya waiwayo. Sai na ga ka ajiye takarda, ka sauko, ka ratso tsakiyar majami'a da rigarka har inda muke. Na gyara zama. Ka wuce ni kamar ba ka san ni ba, ka kama hannun soja. Ka dawo ka ɗauki tsohuwar, tana ta neman takalminta a ƙarƙashin benci, sannan direba, sannan matar nan. Aka bar ni ni kaɗai a benci, na ce a raina yaron nan zai yi mini ita.

Da ka dawo karo na biyar ba ka ce komai ba sai Yaya, da muryar nan taka ta lokacin da kake ɓata awaki a daji ka zo neman in raka ka wurin Baba. Na so in ja maka rai ko na minti ɗaya. Ƙafafuna suka ƙi, suka tashi da kansu.

Malama Damaris ta matsa mini tana murmushi. Na ɗora hannuna a kafaɗar Godiya. Daga baya nake kallonta, farin ɗankwali, siririn wuya, kunnen hagu da ya ɗan karkace. Rifkatu ce sak. Bishop ya shafa mata mai a goshi, ta amsa da ƙarfi har na bayanmu suka ji.

Ka yi daidai da ka bar ni a ƙarshe. Da ni ka fara, da ban tashi ba.

A cikin jirgi na buɗe ambulan da ka ba Baba ya ba ni. Gurbin nan uku suna nan fari tas yadda na ce a bar su. Na huɗu, na bana, ka sa hannu, ka danna biro har ya huda takardar. Na ajiye katin a akwati, a inda ɗankwalin yake da.

Amma kada ka ce na huce gaba ɗaya. Da na zo wucewa ta ofishinka na ga dokar tana nan manne a ƙofa. Badi akwai wasu yaran, akwai wasu sojojin da wasu tsofaffin, kuma ba kowa ne ke da ƙane a bagade ba. Ka zauna da masu tsaya wa yara ɗaya bayan ɗaya, ka tambaye su inda suke ranar Ista, za ka gane na hoto da na gaske. Ka cire takardar nan kafin Agusta. In na zo na same ta, da hannuna zan ɓalle ta, a gaban ɗalibanka.

Ka gaida Baba da Godiya. Ka ci abinci.

Yayarka da ta goya ka,
Liyatu