Baƙar Tawadar Jibo

Tibiri, farkon damina, 1953

Zuwa ga Ɗantala, komi, wato akawu, a biron (ofishin) kumandan, Dogon Dutsi.

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kamar yadda muke nan. Uwarka Shatu na gaishe ka. Ruwa ya sauka, mun yi shuka, akuyarka ta haifi biyu. Sunanka na yanka da ke bayan ambulan, Habu direba na sa ya rubuta kamar kullum. Ɗan fari ne kai, ba zan fara kiran sunanka da tsufana ba, ko da bakin alƙalami ne.

Ga abin da ya sa na ɓata takarda. Ka san ni da Jibo tare aka kama mu aka kai lakwal, makarantar Nasara, tare muka gudo. Ni na gudo da rabin baƙaƙen Nasara a kai, shi ya gudo da wandon lakwal. Tun daga nan muke rubuta wa mutane wasiƙa a kasuwa, shi a gindin aduwa, ni a gindin gawo, kuma duk Tibiri ta san layin gindin gawo ya fi tsawo.

Ran kasuwar da ta wuce sai ga Jibo da wata 'yar kwalba, ya ɗora ta bisa akwati kamar an kawo amarya. Ya shayar da tsohon sitilonsa, alƙalamin nan mai ajiye tawada a cikinsa, ya yi rubutu, ya bari ya bushe, ya ce a kawo ƙwaryar ruwa. Ya tsoma takardar ya ɗago. Ɗantala, rubutun nan ko gezau, baƙi ƙirin kamar bayan hankaka. Sai ya ce wa Sa'a mai ƙosai, wadda ɗanta ke soja a ƙasar Andoshin, ta miƙo wasiƙar da na gama rubuta mata da tawadata ta baƙin tukunya da ƙaro. Ya tsoma. Gaisuwar Sa'a ta narke ta bi ruwa, har da addu'ar ƙarshe.

Ta ce, "Ashe shi ya sa yaron nan ke cewa wasiƙuna na isa kamar sawun kaji! Gado, teku fa takardar nan ke ƙetarewa."

Na ce, "Sa'a, a jirgi take tafiya, ba iyo take yi ba."

Ba wanda ya yi dariya, ni da nake sa gawa murmushi. Kafin azahar mutanena sun zube kamar ganyen gawon da nake zaune a gindinsa.

Wannan duk zan iya haɗiyewa, kasuwa ce. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne da aka tambayi Jibo inda ya samo ta, sai ya gyara hula ya ce, "Yarona na Dutsi ya aiko mini." Yaronsa! Jibo da Allah ya ba ɗiya mata zalla. Na tambayi Habu, ya ce i, kai ka ba shi kwalbar, naɗe cikin tsumma, ka ce ya riƙe ta kamar ƙwai.

Ni ma ina da sitilo, wanda ka ba ni da sallar bara. Shuɗiyar tawadarsa ta ƙare tuni, yanzu a aljihun gaba yake zaune yana yi mini aikin lambar girma. Ka tuna da ƙishirwar alƙalamin Jibo, ka manta da ta na ubanka.

Ba fushi nake ba. Tambaya ce kawai.

Ka huta lafiya. Ubanka, in har yanzu ni ne,
Gado

*

Dogon Dutsi

Zuwa ga Baba, tare da ladabi da biyayya.

Ina gaishe ka, ina gaida Inna da duk mutanen gida. Na samu takardarka, na karanta ta a tsaye.

Baba, gaskiya ne ni na aika. Tawadar daga wani kanti na Yamai take zuwa, kuma kaɗan ake kawowa nan Dutsi, ma'aikatan biron kumandan na wawashe ta. Kwalba ɗaya na samu. Na riga na yi magana da mai kawowa, ta gaba taka ce in sha Allahu, ko da ban ci nama ba wata guda.

Ina roƙonka ka jira ta. Wannan baƙin hayaƙi ne aka niƙa ya yi laushi ƙwarai don ya wuce ta maƙogwaron sitilo, shi ya sa in ta bushe ruwa ba ya ɗaga ta. Ko ita ma sai ana wanke alƙalamin da ruwa a kai a kai, in ba haka ba ta daskare a ciki. Akwai wasu baƙaƙen tawada a kasuwa masu kama da ita, amma ba na sitilo ba ne. Don Allah kada ka zuba masa komai.

Dalilin da ya sa ta farko ta tafi gindin aduwa, akwai shi, amma ya fi ƙarfin bakina a gabanka. Ka tambayi Inna.

A gaida Baba Jibo da mutanen gidansa gaba ɗaya, manya da ƙanana.

Ɗanka mai neman albarka,
Mani

*

Tibiri, tsakiyar damina

Ɗantala,

Gaisuwa. Muna lafiya, in ban da ni. Ka ga wannan ma da alƙalamin kara na rubuta ta, za ka ji dalili.

Na tambayi uwarka kamar yadda ka ce. Ta rufe baki da gefen zane ta yi ta dariya har tuwo ya kama. Da na matsa sai ta ce, "Malam, kai da ke karanta wa gari wasiƙa, ka kasa karanta taka?" Na sake karantawa. Na ga gaisuwar gidanmu layi ɗaya, ta gidan Jibo har da manya da ƙanana. Na gane. An yi mini murabus ba a kira ni fada ba.

Ka ce in jira. Mai jiran gawon shanu ai yunwa ke kashe shi. Na ɗaura wa jaki akumari na ƙetara iyaka zuwa ƙasar Ingilishi, tun da an ce can ko allura ta fi tamu kaifi. A wata kasuwa na samu Bayarabe mai kayan rubutu. Na ce ina son baƙar da ruwa ba ya ci. Ya fito da kwalba, ya ce ta masu zanen taswira ce, ko an jefa ta kogi ba ta motsi. Da ya ga sitilo a aljihuna ya kaɗa kai ya ce, "Baba, ba ta wannan ba ce, tsoma mata alƙalami ake yi." Na ce a raina, ga wani ɗan'uwan Jibo. Na biya na taho.

A gida na jijjiga ta na ga kamar ta yi ruwa-ruwa. Malamin da ya koya mini haɗa tawada yakan ce tawada ba ƙaro marainiya ce, ba ta da mai riƙe ta a takarda. Na ce in Nasara sun yi rowar ƙaro, ni ba zan yi ba. Na jiƙa mai kyau, na ƙaƙƙarfan itace, na zuba mata har ta yi kauri kamar kunun kanwa. Na shayar da sitilo tun jajibirin kasuwa don ta zauna masa a ciki.

Da safe na sa farar rigata ta salla. Na sa mai shela ya zaga ya ce a zo gindin gawo a ga tawadar da ta haifi ta Jibo. Aka taru, har Fulanin da suka kawo nono. Na aza ƙwaryar ruwa. Na buɗe sitilo na ɗora a takarda, zan rubuta "Gado ya fi Jibo". Ya rubuta "Gado ya", ya tsaya cik. Na lallashe shi. Na hura masa iska. Na lasa bakinsa, harshena bai koma daidai ba har yau. Sa'a ta ce, "Gado ya me? Ya mutu ko ya haihu?" Sai zuciya ta ɗebe ni na yarfa shi da ƙarfi. Abin da ya ƙi fita ta baki ya fito ta gindi, daga wuyan rigata har cibiya.

Albishirinka, tawadar ta gaskiya ce. Uwarka ta wanke rigar da sabulu, da toka, da lemun tsami, tana nan daram. Yanzu ni ne kaɗai a Arewa da ke yawo da shaidar iliminsa a ƙirji. Sitilon kuwa ya sandare kamar ƙafar mushe.

Duk kasuwa ta yi dariya, na yarda, da ni ne a wajensu da na fi su. Mutum ɗaya ne bai yi ba: Jibo. Ya taso ya kori yara, ya yafa mini mayafinsa, ya ce, "Sannu, Malam Gado." Malam! Mutumin da tun muna yara bai kira ni komai ba sai Mai Kunnen Jaki. Ɗiyarsa Balki ma, wadda a da take tsaya mini a hanya tana cewa in ba ta goro, yanzu in ta hango ni sai ta rufe fuska ta faɗa gidan da ya fi kusa. Jiya ta aiko wa uwarka fura. Abin har ya kai gidan Jibo na jin tausayina.

Ka faɗa mini gaskiya, ba zan mutu ba. In ka sake uba ne, ka yi zaɓe mai kyau, yana da tawada. Amma ka tuna wa ya goya ka a wuya zuwa Dutsi ran da aka sa ka lakwal, kana kuka kana yi masa fitsari a ƙeya. Ba Jibo ba ne.

Wanda ya haife ka dai,
Gado

*

Daga gindin aduwa zuwa gindin gawo

Mai Kunnen Jaki,

Ina gaisuwa. Tun da ka daina amsa sallamata, ga ta a rubuce, ka jiƙa ta in kana so, ba ta gogewa.

Shatu ta ce ka daina cin tuwo. Kai kaɗai ne a Tibiri ba ka sani ba, har jakinka ya sani. Ɗanka Balki yake so. Ya aiko kawunsa ya shaida mini, aka tambaye ni abin da nake so na gaisuwa. Wani zai ce riga, wani zai ce buhun gishiri. Ni na ce tawadar da ta fi ta Gado. Shekara guda kana zuwa kasuwa da sitilon da ɗanka ya saya maka, kana juya ƙirji wajena don rana ta haska shi. Ni nawa a hannun tsohon soja na saya, da tsaga a murfinsa. Ka ɗauka ba ni da ido? Na ce sau ɗaya a duniya ni ma in ce "yarona ya aiko mini". Na faɗa, kuma wallahi ta yi daɗi.

Yaron kunyarka yake ji, kai ma ka sani. Kai da ba ka iya faɗin sunansa, kana so shi ya buɗe baki ya ce maka yana son mace?

Ban ba da ita ba tukuna. Na ce sai ubansa ya yarda ya aiko manya. In ka ƙi, kwalba na nan, saura rabi, sai in mayar.

Ka ba Habu gawar alƙalamin ya kai Dutsi, wataƙila a gidan likita akwai ruwan da zai narkar da kunun da ka ɗura masa. Ƙaro a sitilo! Allah ya shirye ka.

Abokin gudunka,
Jibo

*

Dogon Dutsi

Baba,

Ina gaisuwa, kaina a ƙasa. Baba Jibo ya ce ya faɗa maka abin da na kasa faɗa. Ka gafarce ni.

Alƙalamin ya iso. Wani abokina a gidan likita ya jiƙa shi cikin ruwan wanke ciwo, ya fara tari, akwai rai. Ga kwalbarka nan wajen Habu. Ba a ƙara mata komai, Baba. Komai.

Roƙo ɗaya gare ni. In ka yarda da maganar, ka rubuta mini addu'a a allo kamar yadda ka yi ran da zan shiga jarrabawa, ka wanke ka aiko mini in sha. Wannan da tawadarka ta tukunya za a yi. Ta kwalba ba ta barin allo, balle ta shiga cikin mutum.

In ba ka yarda ba, ba zan ƙara tayar da maganar ba.

Ɗanka,
Mani

*

Tibiri, gero ya fara fidda kai

Ɗantala,

Gaisuwa. Ga gora nan wajen Habu, ka shanye duka, kada ka bar wa kowa. Na kankare gindin tukunyar uwarka har ta yi mini faɗa. Na ƙara ƙaro, nan ba mai hana ni.

Baffanninka za su je gidan Jibo ran Juma'a da goro. Ni ma zan bi su daga baya da rigar nan mai tabo, don surukina ya riƙa tuna abin da ya jawo.

Sa'a ta dawo gindin gawo. Ta ce baƙinmu ɗaya ne yanzu, amma Jibo ba ya iya sa wa wasiƙa gishiri.

Abu ɗaya ya rage. Na je na aza kwalbata kusa da tasa. Tasa ta fi tawa tsawo da kaurin farce. Ba fushi nake ba. Tambaya ce kawai.

Allah ya yi maka albarka, kai da ita.

Ubanka,
Gado