Madirinya Na So Ta Bi Fuskokinmu Duka Da Allura Ɗaya

Malama Valdete, don Allah ki agaza mini da shawara kafin bikin São João, wanda muke hura wuta mu yi rawa a watan Yuni, ya ƙaraso, na rasa wanda zan gaya wa.

Shekaruna ashirin da ɗaya, ina ɗinkin wandon jins a wani ɗan shago a nan garin Caruaru na ƙasar Brazil. Kurajen balaga sun daɗe a fuskata, da suka tafi suka bar mini ramuka a kumatu. Tun ina ƙarama nake rawar kwadiriliya, wadda maza da mata ke yi bibbiyu a bikin, a ƙungiyar unguwarmu. Kin san yadda ake yi wa 'yan mata ɗige-ɗige a kumatu da fensir ranar biki. To ni duk shekara sai abokin rawata Josivaldo ya ce, “Ku tsallake wannan, da nata ta zo daga gida, kada a ɓata fensir.” Kowa ya yi dariya, ni ma in yi, in koma gida in ƙi kallon madubi.

A farkon shekarar nan na je wurin wata likitar fata, Dakta Genilda. Ta shafa mini man kashe zafi, ta ɗauko wata na'ura mai kama da alƙalami, bakinta cike da allurai sirara kamar gashi, ta bi fuskata da ita. Na fito ja wur, har Mama ta ce, “'Yar nan, kai kanki kika yi aka mammare ki?” Na koma sau biyu bayan nan. Wata safiya ina wanke fuska, yatsuna suka bi ta inda suka saba yin tuntuɓe, suka wuce sumul. Na tsaya da ruwa a tafin hannu ina ta shafawa. Ramukan ba su ɓace duka ba, amma sun taso. Malama, ba abin da matar nan ta zuba a ciki. Ta yaya rami zai cika don an ƙara huda shi?

Ga inda damuwar take. Shugabar ƙungiyarmu, Lindalva, madirinyata ce ta bakin wuta. Ina yarinya ta kama hannuna muka zagaya wutar biki, ta yi alkawari a gaban jama'a cewa ta zama uwata. Bana ni ta zaɓa in fito amarya a auren wasan da ake yi a cikin rawar, ita ke ɗinka mini rigar da hannunta. Ta fi ni mamakin fuskata. Sai ta kama haɓata ta juya ni wajen haske tana ta dubawa. Ran nan ta shiga kasuwa ta sayo wani ɗan taya mai allurai da ake murzawa a fuska, ta ce za ta yi wa dukan 'yan matan ana gab da biki, mu fito muna sheƙi gaban alƙalan rawa.

A ƙungiyarmu komai ɗaya ne. Hoda ɗaya, jan-baki ɗaya, mataji ɗaya, ko gasasshiyar masara zagayawa take yi baki baki. Wadda ta zo da nata, sunanta ya koma matar gwamna. Madirinya ta ce za ta riƙa tsoma tayan a sifirit tsakanin fuska da fuska, kuma da ni za a fara, don in amarya ta kwanta sauran ba za su ji tsoro ba. Na ce likita ta ce in jira lokacina. Sai ta ce, “Au, hannun da ya goye ki bai isa ya taɓa fuskarki ba ke nan? Allura ai allura ce, ɗiyata.” Tun ranar ba ta kira ni gwajin riga ba. Wata 'yar ƙungiyarmu kuwa, Edileuza, wadda kurajenta ɗanyu ne har yanzu, ita ta fi kowa ɗoki.

Na lura likita sabuwar leda take yagewa a gabana kullum, ta jefar da alluran in ta gama. Amma ko tsirfar likitoci ce kawai? In miƙa fuskata, ko in ƙi, in rasa rigar, wataƙila har da uwar?

Amaryar Watan Yuni

*

'Yata Amaryar Yuni,

Na yi shekaru ina koyar da ilimin halittu a sakandare, amma tambayarki ta rami da huda ta sa na ajiye tabarau na yi murmushi, domin ni ma ban daina mamakin abin ba. A ƙarƙashin fatarki akwai wasu zarurruka da ake kira kolajin, su ne ke riƙe da ita. Inda ƙurji ya ci, zaren ya tsinke, ya warke a cukurkuɗe. Alluran likita suna yin raunuka ƙanana ƙwarai, jiki ya ɗauka gyara ya taso, ya shiga saƙa sabon zare a hankali, kina barci, kina kan keken ɗinki. Likita ƙwanƙwasa ƙofa kawai ta yi. Aikin na fatarki ne, da baiwar da Allah ya ajiye a cikinta. Shi ya sa ake ba da tazarar makonni: masaƙa ba ta gama ba.

Yanzu ga amsarki kai tsaye: kada ki kwanta. Ledar da likita ke yagewa ba tsirfa ba ce, ita ce rabin aikin. Allurar da ta huda fata ta taɓa jini, kuma tsomawa a sifirit ba ta isa ta tsarkake ta ba. Ta haka ciwon hanta da wasu cututtukan jini ke tsallakawa daga mutum zuwa mutum, ba tare da wadda ke ɗauke da shi ta sani ba. In aka murza tayan kan ɗanyun kurajen Edileuza, za a watsa su a fuskarta, a kwaso saura a kai wa ta gaba. Sannan a ɗora hodar kowa da kowa kan fatar da ke buɗe, a shiga rana da hayaƙin wuta. Irin fatarmu mai duhu takan rama da baƙin tabo mai wuyar fita.

Amma kada ki ɗauki madirinyarki a matsayin abokiyar gaba. Ta ga abin al'ajabi a fuskar ɗiyarta, kuma a tarbiyyarta ba a cin alheri mutum ɗaya. Wannan hali ne ya riƙe ƙungiyarku shekara da shekaru. Kuskurenta guda ne: ta sa allura a sahun mataji. Ke kuma kin fake da “likita ta ce”, ita kuwa abin da kunnenta ya ji shi ne an fifita baƙuwa a kanta.

Ki same ta ita kaɗai, ba a gaban 'yan mata ba. Ki je da safe lokacin da take gurza masara, ki zauna ki kama mata, magana ta fi sauƙin fita in hannu na aiki. Ki ce mata ba hannunta kike gudu ba, jinin wani kike gudu, kuma in aka samu matsala sunanta ne zai shiga bakin unguwa. Ki roƙe ta ta raka ki wurin Dakta Genilda, ta yi tambayoyinta da bakinta, ta gani da idonta. Ku tafi da Edileuza in ta yarda, ita maganin kuraje take buƙata tukuna. In har madirinyarki ta dage, to ki gaya wa 'yan matan dalilinki ƙarara. Ke kaɗai ce a cikinsu kika ga yadda ake aikin nan, shirunki zai zame musu izini.

Ba zan yi miki alkawarin ba za ta karɓe rigar ba. Tana iya yi, kuma zai yi miki zafi. Sai dai fushin uwa irinta yakan huce kafin a kwashe tokar biki, ciwon hanta kuwa ba ya tafiya don wata ya ƙare. Ki zaɓi wanda ake warkewa.

Allah ya tausasa zuciyarta, ya ƙarasa miki lafiyar fuskarki, ya sa ku yi biki lafiya ku duka.

Malama Valdete