Ruwan Alwala da Boris na Ƙarshe

Guangzhou, ƙasar Sin.
Juma'a, 9 ga Oktoba, 1998.

Zuwa ga Kawuna kuma maigidana, Kawu Maidaji,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi da girmamawa, ina fata wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Inna da duk mutanen gida. Na ji daga bakin Alhaji Babayo cewa idon ya ƙara matsa maka, har ka daina fita gareji. Wallahi abin ya taɓa ni ƙwarai. Allah Ya sa kaffara ce, Ya kawo sauƙi. Na san Zalika ce za ta karanta maka, don haka ke Zalika ki bi a hankali, kada ki yi masa irin gudun nan naki, domin yau labari mai daɗi na zo da shi.

Ka tuna Alhaji Babayo ne ya taho da ni don in riƙa duba masa kayan gyaran mota kafin a loda. To, a masallacin Huaisheng na haɗu da wani Ussif, mutumin zangon Nima ta Gana, mai aikin tura kaya, wanda yake jin yaren mutanen nan kamar a nan aka yanke masa cibiya. Shi ya kai ni wani babban gareji a Panyu, wajen wani Mista Cen, wanda kowa ke kira lawban, wato maigida. Ya ɗauke ni gwaji na wata uku. Bizata kuwa ƙarshen watan nan za ta ƙare, sai in shi lawban ya yi mini takardun zama.

Kawu, ana cikin haka aka kawo wata mota daga Amurka, ta wani attajirin Hong Kong. Ban san yadda zan kwatanta maka ita ba. Tsawonta ya kai na bas ɗin Legas, amma ciki gida ne sosai: gado, kujeru, madafa, har banɗaki. Abin da ya fi ba ni mamaki, in ta tsaya aka danna wani maɓalli, sai gefenta guda ya turo waje kamar durowar tebur, falo ya ƙara faɗi, in za a tafi a sake dannawa ya koma. Ranar da na fara gani sai da na ja baya na yi salati, makanikan nan suka yi ta yi mini dariya. Wannan ɗaki a kan layukan ƙarfe biyu yake tafiya, da 'yan tayoyi a ƙarƙashinsa, kowace da boris a ciki, wato zoben ƙarfen nan mai 'yan ƙwallaye da ke sa taya juyawa. Ciwon motar shi ne ɗakin ya fito rabi ya cije, yana ƙara kamar ana jan tsohon ƙyaure. Attajirin kuma yana so ya nuna ta ga baƙinsa a lokacin baje-kolin da za a buɗe tsakiyar watan nan.

Boris ɗin taya guda ne ya lalace. Uku na canji aka aiko da su tare da motar, kuma irinsu babu a kasuwa. Ni da Ussif mun zaga shaguna har ƙafa ta gaji, ko'ina sai a kaɗa mana hannu a ce me-yo, wato babu. In an yi odar wasu, sai sun yi sati shida a hanya. Makanikan lawban suka sa na farko, kwana biyu ya farfashe. Nan fa na ga dama ta samu, na bugi ƙirji na ce a ba ni. Ba zan ɓoye maka ba, Kawu, halin nan da ka sani shi na yi. Ban tsaya duba komai ba, na cire, na sa na biyu, na lafta masa giris kamar muna gyaran tirela a Ƙofar Ruwa. Aka danna maɓalli sau uku, a na huɗu muka ji ƙas! Na so ƙasa ta tsage in shige. Lawban bai yi faɗa ba. Ya sa Ussif ya gaya mini cewa saura guda ɗaya, kuma ni zan sa shi tunda ni na nema. In ya zauna zai yi mini takardu, in ya fashe to ya gode, in gaida mutanen gida.

Kwana biyu ina zagaya motar nan ban taɓa ko sifana ba, don tsoro. Maganarka ce kawai ke yi mini yawo a ka, wadda ka faɗa ranar da zan taho har na yi fushi, cewa hannuna ya fi idona sauri, kuma wanda bai iya kallo ba ko Sin ya je ɓarna zai yi. Na ɗauko boris biyun da suka lalace na jujjuya su. Duka daga taya ɗaya suka fito, ta kusurwar baya, kuma duka gefe ɗaya suka cinye. Na san wani abu ne ke danne su, amma na rasa ko mene ne.

Ranar Talata da azahar na ɗauki butata na tsuguna a gefen motar, don nan ne inuwa, na fara alwala. Ina wanke ƙafa sai na lura ruwan bai tsaya a gabana ba. Ya kama hanya ya bi ta ƙarƙashin motar, a karkace, ya nufi wannan kusurwa ta baya. Na sake zubawa, ya sake bin hanyarsa. Kawu, nan take na gane! Ashe daɓen garejin a gangare aka yi shi, saboda ruwan saman garin nan da ke zuwa kamar da bakin ƙwarya, ga magudana can a lungu. Ido ba ya gani, amma motar a murɗe take tsaye, nauyin ɗakin duka ya koma kan taya guda. Ko boris ɗin zinariya aka sa sai ya fashe. Su da suka saba da wurin ba su taɓa kula ba, da tiyo suke wanke shi su wuce. Na yi sallata, kuma Allah Ya yafe mini, ban san surar da na karanta ba.

Ina sallamewa na ruga na jawo lawban da hannu, na tsiyaye sauran ruwan butar a gabansa. Ya bi ruwan da ido har lungu, ya dubi motar, ya dafe kai. Motar tana da ƙafafun jak huɗu a jikinta, waɗanda duk muka ɗauka na canjin taya ne, ashe na daidaita ta ne kafin a fito da ɗakin. Na cika kwanon miya da ruwa na ajiye a tsakiyar falon, muna ɗaga wannan muna sauke wancan, har ruwan ya kwanta daidai da bakin kwano. Sannan na wanke giris ɗin da na lafta, wanda ya riga ya kwashi yashi ya zama kamar dutsen wasa wuƙa. Na goge layukan tas, na sa boris na ƙarshe da bisimilla, na ɗaure a hankali. Da aka danna maɓalli, ɗakin ya fito sumul, ba ƙara ko kaɗan. Sau ashirin muka gwada ina ƙirgawa a zuci. Makanikan da suka yi mini dariya suka kama tafi, ni kuwa hawaye na ji suna zubo mini, ban kuma ji kunya ba.

Jiya lawban ya karɓi fasfona ya kai a fara takardu. Ya tambaya ta bakin Ussif a wace makaranta na koyi dubarar ruwan nan. Na ce masa ban yi makaranta ba, a ƙarƙashin wata darbejiya na koya a Kano, wajen wani dattijo da ba ya barin mutum ya taɓa mota sai ya zagaya ta sau uku. Ya ce a gaishe ka, ya yi ta fama da sunanka har ya iya. Gaskiya ce, abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. Ka yafe mini fushin da na tafi da shi, ko sallama ta kirki ban yi maka ba.

A gaishe mini da Inna, da Gwaggo Barira, da Musa da duk 'yan gareji. Zalika, na saya miki yadi a kasuwar Shahe, yana cikin jakar Alhaji Babayo, gobe zai taso. A cikin yadin akwai wani abu a ƙulle, ba naki ba ne, ki miƙa wa Kawu a hannunsa. Kawu, boris ɗin da na fasa ne. Na san ba za ka gan shi ba, amma yatsunka ba su tsufa ba. Ka shafa shi ka ji gefen da ya cinye, ka aiko mini ko na karanta shi daidai. Lawban ya riga ya ce na ci, amma ni sai na ji daga bakinka.

Ɗanka mai neman albarkarka,
Mas'udu.