Ƙafa Ɗaya Ta Nutse

Yaya Sale,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya yara, ya sanyin Jos? Nan Haɗeja kowa lafiya.

Yaya, da kunya nake rubuto maka. Kyamarar da ka aiko in ɗauko maka hoton gona, na saya mata mariƙi mai ƙafa uku. Na zaɓi mara nauyi mai araha, don fadama da nisa. Na kafa shi kan busasshiyar laka, ashe cikinta ɗanye ne. Ƙafa ɗaya ta nutse, kyamarar ta faɗa ruwa. Baba ya ce, "Kai da aka haifa a fadama?"

Na binne ta cikin buhun shinkafa, ba ta farfaɗo ba tukuna. Ka yafe mini, ka taya ni addu'a. Gaida Anti Hauwa, amma kada ta ji.

Ƙaninka,
Habu