Kada a Ba da Akawal Tukuna

Zuwa ga Yaya Sharifu, Allakaye.

Assalamu alaikum. Ina Inna da yara? Ni lahiya lau nan Tamanrasset, sai sanyi da ke tsaga hannu wajen wanki.

Na ji wani mutumin Keita na son ɗaukar Akawal, dokin marigayi Isma'ila, wai ya huta gidansa. Yaya, wa ke ciyar da dokin da ya bar sukuwa haka kawai? Ina tsoron amalanke za a ɗaura mishi. Ƙafarsa ta hagu mai ciwo, Isma'ila da hannunsa yake gasa ta har ya rasu.

Ka tafi gidan mutumin ba aike, ka dubi bayan jakinsa. In ka ga miki, gara Akawal ya mutu a turkensa.

Allah ya bar zumunci.

Matar ƙanenka,
Zuhura